Ƙararrawar Ƙofa Mai Kyamara Ta Ƙi Hawa Layi? Ga Inda Za Ka Duba

A hutun da ya wuce kawuna ya kira ni daga Tudun Wada ransa a ɓace. Ɗan kasuwar hatsi ne, yakan kwana biyu ko uku a Dawanau, ya bar iyali a gida. Duk wanda ya san yankinmu, daga Kwanar Ɗangora zuwa Doguwa inda titin Jos ya ratsa dajin Falgore, ya san ba a buɗe wa kowa ƙofa da dare sai an san ko wane ne. Shi ya sa ya sayi ƙararrawar ƙofa mai kyamara, irin wadda idan baƙo ya danna za ka gan shi a wayarka, har ku yi magana. Kwana uku tana aiki, daga nan ta koma nuna cewa ba ta kan layi. Ya ce min, "Kai da kake karatun lantarki, zo ka duba, in ta lalace ne mu mayar."

Da na je na tarar lafiyarta ƙalau. Ga abubuwan da na bi ɗaya bayan ɗaya, ko za su yi wa wani amfani.

Da farko a fahimci hanyar da hoton ke bi. Daga ƙararrawa zuwa rauta ko maifai ta waifai, daga nan zuwa turken kamfanin layi, sannan ta intanet ya iso wayar mai gida. Ko'ina aka samu yankewa, saƙo ɗaya manhajar za ta nuna maka. Don haka ka tsaya a bakin ƙofa da wayarka, ka kashe datar layinka, ka hau waifai ɗin gidan, ka buɗe bidiyo. In ya ƙi a nan amma ya yi a kusa da rauta, matsalar tazara ce. In ya ƙi a ko'ina, to sabis ne ko kuma data ta ƙare.

Na biyu, zangon waifai. Akwai na 2.4 gigahaz, akwai na 5. Na 5 ya fi gudu amma ba ya nisa, bai kuma iya ratsa bango sosai. Yawancin ƙararrawan da ke kasuwa, musamman masu araha, na 2.4 kaɗai suka sani. Sababbin rautoci kan haɗa zangon biyu da suna guda, sai ƙararrawa ta rikice wajen saiti. Shiga saitin rauta ka raba su, kowane da sunansa, ka ɗora ƙararrawar a kan na 2.4. Idan tsaron yana kan WPA3, mayar da shi WPA2, domin na'urori da yawa ba su gane sabon. In unguwar cike take da waifai ɗin maƙwabta, gwada tasha ta 1, ta 6 ko ta 11, su ne ba sa hawa kan juna.

Na uku, ginin gidan, kuma a nan ne matsalar kawu take. Maifai na cikin ɗakinsa a ƙuryar gida, ƙararrawa kuma an ɗaure ta a jikin get ɗin ƙarfe. Tsakaninsu akwai bango uku, ɗaya ma tsohuwar katangar ƙasa ce ta zaure mai kauri. Ƙarfe yana mayar da sigina baya, ruwa kuma yana shanye shi, shi ya sa katangar da ta jiƙe da damina ta fi tare shi. A manhajar akwai wata lamba da ake kira RSSI. Daga -40 zuwa -60 alhamdulillahi, in ta kai -70 ko ta wuce, hoto zai riƙa tsinkewa. Ta kawu -78 take. Muka cire ƙararrawar daga jikin ƙarfe muka mayar kan ginshiƙin bulo, muka dawo da maifai ɗakin da ke kusa da zaure, a saman kanta kusa da taga. Nan take ta koma -57, ko sisi ba mu kashe ba. In gida ya yi girma da yawa, sai a sa na'urar ƙara zango a tsakiyar hanya, inda siginar ke da sauran ƙarfi.

Na huɗu, wuta. Mutane na mantawa cewa ƙararrawa mai batir ba ta da amfani idan rauta ta mutu da aka ɗauke wuta. A haɗa rautar da inbata ko sola, ko a saya mata ƙaramin batirin ajiya. Maifai kuma yawanci yana da saitin barci, yakan kashe waifai don tattalin caji, sai a shiga a kashe wannan saitin. Ita ma ƙararrawar, idan batirinta ya yi ƙasa takan sauka daga layi. Zafin watan Afrilu na galabaitar da batirin litiyom, don haka kada a kafa ta inda rana ke dukanta tsaye, a yi mata 'yar rumfa. Da hunturu kuma a riƙa goge ƙura daga gilashin.

Na biyar, data da ƙarfin turawa. Mu ɗalibai gudun saukewa muke dubawa, alhali ƙararrawa turawa take yi. Hoto mai kyau na buƙatar kusan megabit 2 a daƙiƙa. Yi lissafi: minti ɗaya megabayit 15 ke nan. In awaki da yara da masu babur suka tayar da ita sau 40 a rana, kowane rabin minti, ka ƙona megabayit 300 a yini, wato gigabayit 9 a wata. Rage ingancin hoton, ka taƙaita yankin da take lura da motsi zuwa bakin ƙofa kawai. A ƙauyukan da sabis ke rauni, gwada layin kowane kamfani a gidan kafin ka sayi rauta, kuma ka nemi ƙararrawa mai katin ajiya, don ko intanet ta yanke hoton na nan.

Sai ka gama da waɗannan duka sannan ka danna maɓallin mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. Da yawa da shi suke farawa, su goge saiti, matsalar kuma tana nan daram.

Abu na ƙarshe, amana. Ka canza kalmar sirrin da na'urar ta zo da ita. Kada kyamara ta leƙa cikin gida inda mata suke, ko ƙofar maƙwabci. In kai ka yi wa mutum saiti, ka bar shi ya sa kalmar sirrinsa da hannunsa, ka fita daga asusunsa a gabansa.

'Yan uwa masu shirin fita, irin wannan aikin yana ƙaruwa a garuruwanmu, masu iya shi kuma kaɗan ne. Kawu dai yanzu daga Dawanau yake amsa sallamar baƙinsa, kuma tuni ya haɗa ni da abokan kasuwancinsa biyu.