Dara a Dogon Dutsi: Wasan da sai an shuka ake ci

Da zarar hatsi ya shiga rumbu a ƙasar Arewa, wajen watan Nuwamba, sai gindin itatuwa ya soma cika. Daga Dogon Dutsi zuwa Matankari har Tibiri, za ka tarar da mutum biyu sun durƙusa bisa rairayi, 'yan kallo sun kewaye su, kowa na ba da shawarar da ba a tambaye shi ba. Dara ake yi.

Ba ta cin ko dala. Gurbi 30 ake tonawa a ƙasa, layi biyar na gurabe shida-shida, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12: wannan ya kakkarya kara, wancan ya tsinto tsakuwa. Da fari ana kasa 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a yarda ka jera uku tun a lokacin ba. Sai an gama kasawa ake fara turawa, gurbi ɗaya kacal, ba a tsallake. Wanda ya jera uku ya cire ɗan abokin karawarsa. Huɗu kuwa ba ci ba ne.

Manomi ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan. Kasawar ita ce shuka. Wanda ya zuba iri inda bai dace ba a ruwan farko, ba a watan Agusta zai gyara ba, haka ma wanda ya kasa dara da gaggawa tun kafin a tura ɗa guda an ci shi, shi ne dai bai sani ba.

'Yan Arewa da ke Abijan sun san awale, mai gurbi 12 da iri 48, inda ake bin gurabe ana zuba iri, har ma doka ce ka ciyar da abokin wasanka idan gefensa ya ƙare. A Jamus kuwa, a 2007 Uwe Rosenberg ya fitar da Agricola, wasan da mutum ke noma da kiwo bisa tebur, ana sayar da shi da kuɗi mai tsoka.

Tamu darar fa, matsalarta ba kuɗi ba ce. Lokacin da ake zaman ta shi ne daidai lokacin da samari ke ɗaukar jaka su tafi cin rani Yamai, Legas ko Kwatano. Waɗanda suka rage a gari kuma idonsu na kan waya. Ba a rubuce ake koyon dara ba, sai yaro ya tsuguna bayan dattijo rani bayan rani, ana korar sa yana dawowa.