Dajin da Ake Dasa wa Kifi a Cikin Tafki

Kifi ba ya son fili. Duk masunci ya san cewa inda bishiya ta faɗa cikin ruwa, ko inda saiwoyi suka sauko daga gaɓa, nan kifi ke taruwa, ko da yake nan ne kuma koma ke yagewa. Da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa ya shanye dazuzzuka, itatuwan da suka rage a tsaye a ƙarƙashinsa suka zama matattarar kifi. Haka ya faru a Tafkin Volta na Gana. A waɗannan wurare ba da niyya aka yi ba. Amma akwai al'ummomin da suka mai da abin sana'a: su sari rassa a tudu, su kai su cikin tafki su kafa, su jira kifi ya zo da kansa.

A Afirka ta Yamma babu inda wannan dabara ta yi ƙarfi kamar Tafkin Nokuwe da ke arewa da Kwatano, a Jamhuriyar Benin. Mutanen da ke zaune a kansa Tofinu ne, garinsu da ya fi suna shi ne Ganbiye, wanda aka gina gidajensa bisa turaku a tsakiyar ruwa. Kakanninsu sun gudo nan ne don tsira daga mayaƙan Dahomey masu farautar bayi. Wanda ke kwana a kan ruwa ba shi da gonar da zai nome, saboda haka suka koma noman ruwan. Shingen rassan da suke kafawa ana ce masa akaja.

Tafkin ba shi da zurfi. A wurare da yawa ruwan bai wuce ƙirjin mutum ba, ƙasansa kuma laka ce mai laushi. Wannan ne ya sa aikin ya yiwu. Ana fara kafa manyan itatuwa masu ƙwari a kewaye, su zama iyaka. Daga nan a cika tsakiya da ƙananan rassa masu ganye, ana soka su cikin laka ɗaya kusa da ɗaya, sama da goma a kowane murabba'in mita idan ana son abin ya yi kyau. Akwai ɗan ƙarami mai siffar da'ira wanda mutum ɗaya da ɗansa za su iya kafawa, akwai kuma mai kusurwa huɗu da ke cin hekta guda ko fiye, wanda sai mai hannu da shuni ko dangi sun haɗa ƙarfi. Itacen kansa saye ake yi. Daga tudu ake kawo shi a mota, a sauke a bakin ruwa, a loda a kwalekwale.

Abin da ke faruwa bayan an kafa shi ne ya fi cancanta a tsaya a kansa, domin mutane da yawa suna zaton mafaka ce kawai ke jawo kifin. Mafakar tana nan: tsuntsaye masu cin kifi ba sa iya kutsawa cikin rassa, manyan kifaye masu farauta ma suna shan wahala, mai birgi kuwa ba zai jefa komarsa a kan ƙirare ba. To amma akwai abinci. Cikin 'yan makonni sai gansakuka da wasu ƙananan halittu su lulluɓe kowane reshe, tun daga laka har zuwa saman ruwa inda hasken rana ke isa. A buɗaɗɗen tafki ba su da abin kamawa sai ƙasa. A cikin akaja kuwa dubban rassa sun ba su wurin zama ninki ba ninki. Ganyen da ke ruɓewa yana ƙara wa ruwan taki. Kifin da ya fi cin moriyar wannan wata irin karfasa ce mai baƙin haɓa, wadda ke jure ruwa mai gishiri-gishiri, tana kankare rassan tana ci. Namijinta ne ke riƙe ƙwai a baki har su ƙyanƙyashe, kuma cikin shingen take hayayyafa. Bayanta sai wani kifi mai gashin baki, dangin tarwaɗa, wanda ke son ramuka da lunguna.

Daga nan ne tsohuwar gardama ta taso: shin akaja ƙara yawan kifi yake yi, ko tattaro na kowa yake yi ya kai wa mutum ɗaya? Wani masanin kifi ɗan Ingila, Robin Welcomme, ya yi nazarin shingayen kudancin Benin ya buga sakamakonsa a farkon shekarun 1970. Abin da ya fito shi ne amsar tana ga lokaci. Shingen da ake kwashewa bayan 'yan makonni tarko ne kurum, kifin da ke ciki daga waje ya shigo. Wanda aka bari ya kai wata shida zuwa shekara kuwa, kifi ya haihu ya girma a cikinsa, har wasu 'ya'yan su bazu zuwa sauran tafkin. Irin wannan na iya ba da tan da dama a hekta ɗaya a shekara, abin da buɗaɗɗen ruwa ba ya kusantarsa. Matsalar ita ce talaka ba ya iya jiran shekara.

Ranar kwasa aiki ne na gayya. A zagaye shingen da taru tun daga laka har sama da ruwa, maza su shiga su riƙa tuge rassan suna jefawa waje, ana matso da tarun sannu a hankali har kifin ya taru a ɗan lungu, a kwashe da kwanduna. Mata suna jira a kwalekwale, su ne masu saye da kaiwa kasuwa da banda.

Sana'ar ta sha wuya. A 1885 aka haƙa mashigi a Kwatano wanda ya haɗa tafkin da teku, sannan ginin tashar jiragen ruwa da aka gama a 1965 ya sa bakin mashigin ya daina toshewa da yashi. Ruwan gishiri ya ƙaru, tare da shi wata halitta mai kama da tsutsa wadda ke huda itace. Rassa suka riƙa lalacewa da wuri, dole a riƙa sabunta su kowace shekara, wato a ƙara sare daji. Ruɓaɓɓen itacen da ke taruwa a ƙasa kuma yana cike tafkin, yana rage gudun ruwa.

Sai dai abin da ya fi tsutsa illa shi ne rigimar mallaka. Ruwan da kowa ke shiga da birgi, ranar da aka kafa masa shinge ya zama na wani. A Tafkin Aheme, yamma da Nokuwe, faɗa tsakanin masu akaja da sauran masunta ya kai har hukuma ta sa aka tuge shingayen a farkon shekarun 1970. Dokar kamun kifi ta Benin ta 2014 ta haramta su gaba ɗaya. A ganina dokar ta haɗa mai laifi da marar laifi. Abin da ya kamata a ƙayyade shi ne girman shinge, da inda za a kafa, da tsawon lokacin da za a bar shi. Tun kafin wannan doka, masu bincike a Kodebuwa sun gwada kafa gora a madadin rassa, domin ta fi daɗewa a ruwa kuma tana saurin tsirowa.

Ba Afirka kaɗai ke yi ba. Masunta a Bangaladesh da Siri Lanka da Kambodiya suna da nasu. A Amurka manufar daban ce, don masu fatsa na nishaɗi ake yi. Tafkunansu na madatsa suna da zurfi, ba a iya soka reshe a laka, sai a ɗaure rassa tsibi guda, a rataya musu bulon siminti, a nutsar. Bayan bikin Kirsimeti hukumomin kifi na jihohi da dama suna karɓar bishiyoyin ado da aka gama da su don wannan aiki, ko da yake cikin 'yan shekaru suke ruɓewa, itace mai ƙwari ya fi su ƙarko. Ba a nutsar da tsibin can ƙasa sosai, domin da zafi ruwan ƙasa kan rasa iskar da kifi ke shaƙa, kuma ba a barinsa kusa da sama inda zai kama jirgi. A yawancin tafkunan sai da izini ake yi, kuma hukumomi sukan wallafa taswirar wuraren da suka nutsar da nasu, kowa ya je ya jefa ƙugiyarsa.