Amsoshin Takardunku: Wane Satifiket Yaro Zai Nema Alhali Windows Yana Canzawa?

Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga hannun wani mai sauraronmu manomi a Falgore ta ƙaramar hukumar Rogo, ba Falgore mai daji ta hanyar Jos ba. Ya ce ɗansa ya gama sakandare, yana son koyon aikin na'ura mai ƙwaƙwalwa, shi kuma ya ware buhunan masara don biyan kuɗin. Sai aka ce masa sabon Windows na tafe, satifiket ɗin da yaron zai samu zai zama tsohon yayi. Shin ya jira ne, ko ya biya?

To malam, da farko Windows shi ne babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Kamar sarkin kasuwa yake, shi ke ba kowace ƙaramar manhaja rumfarta. Kamfanin Microsoft na Amurka ke yin sa, kuma sauya shi al'adarsu ce. Sun janye hannu daga Windows XP a 2014, daga Windows 7 a 2020, daga Windows 10 kuma ran 14 ga Oktoba 2025. Wanda ya gaje shi, Windows 11, tun Oktoban 2021 ya fito, kuma duk shekara ana yi masa kwaskwarima. Ka ga ke nan wanda ya ce zai jira canji ya ƙare, zai tsufa yana jira.

Amma wanda ya gargaɗe ka bai yi ƙarya duka ba. Akwai takardun shaida da suka mutu. MCSA da MCSE, waɗanda a da ake tinƙaho da su, Microsoft ya daina bayar da su ran 31 ga Janairu 2021. MTA ta ’yan koyo ita ma ta bi su a Yunin 2022. Duk makarantar da ta ce za ta ba ɗanka ɗaya daga cikinsu yau, riƙe kuɗinka ka fito.

Nan ne ma mutanenmu suka fi rikicewa. Takarda iri biyu ce. Akwai wadda makarantar koyon kwamfuta ke bugawa da kanta, ta nuna yaro ya halarta. Akwai kuma wadda kamfani ke bayarwa bayan an ci jarrabawarsa a cibiyar da ya amince da ita, ana biya da dala. Ta farkon tana da amfaninta, sai dai kada a karɓi kuɗin ta biyu a miƙo maka ta farko. Tambayi sunan jarrabawar da lambarta, da inda za a zauna a rubuta ta. In suka fara kame-kame, ka sami amsa.

In yaro gyara yake so, a ganinmu CompTIA A+ ta fi dacewa, don ba ta ɗaure da kamfani ɗaya ba. Tana koyar da kayan cikin injin, da Windows, da Linux, har da wayar hannu. Jarrabawa biyu ce, kowace ta haura dala 200, kuma bayan shekara uku sai an sabunta takardar. A lura da lamba: 220-1101 da 1102 an rufe su a Satumban 2025, masu ci su ne 220-1201 da 1202, saboda haka kada a saya masa tsohon littafi. In kuwa haɗa kwamfutoci da intanet ne ya fi jan hankalinsa, sai CCNA ta kamfanin Cisco, wadda sauyin Windows bai cika shafarta ba. Yawancin takardun Microsoft na yanzu na masu aiki a manyan ofisoshi ne, ya bar su sai nan gaba.

Sai dai fa mu duba gida. Aikin da ke kawo kuɗi a Rogo da Karaye shi ne buga takardu, cike fom na makaranta, gyaran waya da kwamfuta, da taimaka wa ɗalibai su saba da jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. Mai kawo gyara ba ya tambayar satifiket, hannu yake dubawa. Mu da za mu ba da shawara, yaro ya fara zama wajen mai gyara a kasuwar Farm Centre ko titin Beirut a Kano, ya kuma riƙa sauraron sanarwar horo daga cibiyar Digital Bridge ta Kano ko shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023. In hannunsa ya faɗa, kuɗin jarrabawar ma daga aljihunsa za su fito.

Abu guda kafin ka sayar da masarar: in za a saya masa kwamfutar hannu ’yar gwanjo, a tabbatar tana ɗaukar Windows 11. Tana buƙatar wani ɗan abin tsaro da ake kira TPM 2.0, wanda tsofaffi da yawa ba su da shi. Mai shago ya kunna ta a gabanku, ku gani da idonku.