Gayyar 'Yan Dandatsa: Yadda Mahalarta ke Ɗaukar Nauyin Taron Mutum 17,000

Daga 27 zuwa 30 ga Disamba, daidai lokacin da hunturu ke busar mana da leɓe a nan, akwai taron da ake yi a ƙasar Jamus mai suna Chaos Communication Congress. Taro ne na 'yan dandatsa, waɗanda a rediyo aka fi kira masu kutse. Wanda aka yi a birnin Leipzig a 2019 ya tara mutum kusan 17,000. Kwana huɗu ana laccoci, wasu har tsakar dare. Ga intanet mai gudun tsiya, ga layin tarho na cikin gida, ga masu agajin gaggawa, ga tafintoci, ga masu watsa laccocin kai tsaye ga duniya. To, mai karatu, wa kake jin ke yin duk wannan hidima? Mahalarta taron ne da kansu. Dubbansu ke rubuta suna su yi aiki, ba a biyan su ko sisi, kuma su ma sai sun sayi tikitin shiga kamar kowa.

Kafin mu yi nisa bari mu gyara wata fahimta. Da ka ce ɗan dandatsa a Kiru ko Bebeji, abin da zai zo wa mutane a rai shi ne yaron da ke kwashe kuɗi a asusun banki. Asalin kalmar kuwa tana nufin mutumin da ba ya barin na'ura sai ya buɗe cikinta ya ga yadda take aiki, kamar bakaniken da zai warware inji ya sake ɗaure shi. Ƙungiyar da ke shirya wannan taro, Chaos Computer Club, an kafa ta a 1981. A 1984 biyu daga cikin 'ya'yanta, Wau Holland da Steffen Wernéry, suka gano ɓaraka a wani tsarin sadarwa na hukumar gidan waya ta Jamus. Aka ƙi sauraren su. Sai suka yi amfani da ɓarakar a dare ɗaya suka ɗora wa wani bankin Hamburg bashin kusan Mak 135,000, kuɗin Jamus na lokacin, sannan suka fito gaban 'yan jarida suka faɗi abin da suka yi, ba su ci ko kwabo ba. A ƙarshen shekarar aka yi taron farko a Hamburg. Ka ji wannan a matsayin tarihi kawai. A Najeriya, dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta shiga kwamfutar wani ba da izini ba, kuma "ai gwadawa nake" ba ya fitar da mutum a gaban alƙali.

Yadda ake raba aikin

Mu da muka taso a karkara ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mun san gayya, kuma mun san 'yan agaji da ke tsare hanya, su raba ruwa, su ɗauki wanda ya faɗi a wajen wa'azi ko maukibi. Bambancin kawai, a gayya akwai mai gona, a nan kuwa gonar ta kowa ce. A taron Jamus ana kiran masu aikin sa-kai da suna Engel, wato mala'iku, ofishinsu kuma Himmel, wato sama. Sunan barkwanci ne irin nasu. A can ake ba su abinci, a can suke hutawa.

Abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne yadda suka yanka aikin ƙanana-ƙanana. Suna da manhaja mai suna Engelsystem, wadda kowa zai iya saukewa kyauta ya yi amfani da ita a nasa taron. Za ka buɗe ta ka ga jerin ayyuka da lokutansu: tsaron ƙofa kaza daga ƙarfe biyu zuwa huɗu, ana neman mutum uku. Ka zaɓa da kanka. Yawanci zango ɗaya awa biyu ne. Aikin tsakar dare ana ninka maka awoyinsa a lissafi, domin ba kowa ke so ba. Wanda ya cika wani adadi na awoyi ana ba shi riga. Wanda kuma ya rubuta suna bai zo ba ana yi masa alama, in ya maimaita a dakatar da shi daga ɗaukar wani aiki.

Me ya sa awa biyu? Yi lissafin da kanka. A ce taronka yana da gurabe goma da dole a samu mutum a kai, daga takwas na safe zuwa takwas na dare. Hanyar da muka saba ita ce a nemo mutum goma a kafe su a wurin yini guda. Kafin la'asar uku sun sulale, sauran sun gaji suna yi wa baƙi tsawa, kuma babu ɗayansu da ya ji lacca ko guda. Baɗi ba za su dawo ba. In kuwa ka yanka yinin gida shida, ka sami zango 60. Kowa ya ɗauki biyu, mutum 30 kake nema, kuma kowannensu yana da awa takwas na shiga taro. Samun mutum 30 da za su ba da awa huɗu ya fi sauƙi a kan samun goma da za su sadaukar da yininsu. A ganinmu wannan ne sirrin abin, ya ma fi manhajar muhimmanci. Da kwali da alƙalami ma za a iya yi.

Akwai ayyukan da ba sa son gwaninta: duba tikiti, tattara kwalaben lemo, nuna hanya, miƙa makirufo ga mai tambaya. Akwai kuma rukunonin ƙwararru da ke fara shiri watanni kafin taro. Masu intanet su ke shimfiɗa wayoyi a ginin kwanaki kafin a buɗe ƙofa. Masu tarho kan kafa layi na musamman, ka zo da wayar gida maras igiya ka yi rajistar lamba mai alƙaluma huɗu, ka kira kowa a wurin kyauta. Masu bidiyo su ɗauka, su tace, su ɗora a shafin media.ccc.de, inda kai ma daga Tudun Wada za ka kalla ba tare da biyan komai ba sai kuɗin data. Likitoci da ma'aikatan jinya da 'yan kwana-kwana da ke cikin mahalarta su ma suna da rukuninsu. Ba a shiga irin waɗannan rukunoni da dogon Turanci. Ana fara ganin mutum ne yana ɗaukar kaya, yana zuwa a kan lokaci, sai a ce masa zo ka riƙe kyamara.

Abin da za ka shirya kafin ka je

Fara da na'urarka. Wuri ne da dubban masu son gwaji ke kan layi ɗaya da kai, kuma intanet ɗin taron a buɗe yake, tsaron kwamfutarka a wuyanka yake. A taron DEF CON na Las Vegas a Amurka, wanda Jeff Moss ya fara a 1993, akwai wani allo da ake kira Bangon Tumaki. Duk wanda ya shiga asusunsa ta hanyar da ba a kulle ba, sai a haska sunan asusun da wani ɓangare na kalmar sirrinsa kowa ya gani. Ba don sata ba, don ya ji kunya ya gyara. Saboda haka kafin ka bar gida, kwafe muhimman fayilolinka ka ajiye kwafin a gida. Sabunta manhajojin waya da kwamfuta a kan layin da ka amince da shi. Kulle ma'ajiyar kwamfutar da kalmar sirri mai tsawo, yadda ko an ɗauke ta ba za a karanta abin da ke ciki ba. Kashe Bluetooth in ba amfani kake da shi ba. Filashin da ka tsinta a ƙasa, bar shi a ƙasa. In kana da tsohuwar waya wadda babu manhajar banki a ciki, ita ce ta zuwa taro.

Sai jikinka. Suna da wata ƙa'ida da suke kira 6-2-1: barcin awa shida, abinci sau biyu, wanka sau ɗaya, a kowace rana, kuma wannan shi ne mafi ƙaranci. Kada ka yi dariya, duk wanda ya taɓa zama ɗaki ɗaya da samari ɗari a rana ta uku ya san dalilin na ƙarshen. Akwai kuma ladabin hoto: ba ka ɗaukar hoto sai duk wanda zai fito a ciki ya yarda. Mu da muka saba ɗaga waya a kowane biki sai mun yi da gaske.

Maganar tafiya Jamus kuwa, gaskiya ɗaya ce, tana da tsada da wahala. Tikiti kan ƙare cikin ɗan lokaci da an fara sayarwa, neman bizar Schengen na iya cin watanni, sanyin Hamburg a Disamba, inda taron ya koma tun 2023, ya shafe na dutsen Riruwai, soket ɗinsu kuma mai rami biyu zagayayyu ne, cajarka mai ƙafa uku ba za ta shiga ba. Yawancinmu ba can za mu fara ba.

A gida fa?

A Kano ana yin tarukan masu fasaha, irin su DevFest da ƙungiyar masu amfani da fasahar Google ke shiryawa wajen ƙarshen shekara, da gasannin rubuta manhaja a jami'o'i. Ba su kai na Jamus girma ba, ba kuma kutse ne jigonsu ba, amma masu aikin sa-kai ne ke riƙe da su. In kana Doguwa ko Kiru, shirinka na farko shi ne mota da masauki. Masu aiki kan riga kowa zuwa, su kuma bi bayan kowa. Wanda zai taso daga Doguwa ya ratso dajin Falgore ya fito Kwanar Ɗangora da safiyar taro, kafin ya isa an gama raba aiki. Ka kwana a birni, kuma ka faɗa wa masu shiryawa tun farko ƙarfe nawa dole ka kama hanya. Ke kuma 'yar'uwa, ki tambaya tun da wuri ko akwai mata a cikin masu tarbar baƙi da wurin salla na mata. In babu, ga gurbinki nan. A taron Jamus ma mata sun kafa ƙungiyarsu, Haecksen, tun 1988.

In kuwa ku ne za ku haɗa naku ƙaramin taron, a ce a ɗakin taro na wata sakandare a Bebeji, wuta ce za ta fara kunyata ku. Cajar kwamfutar cinya tana jan wat 45 zuwa 65. Guda 100 sun kai wat 6,500 ke nan, ba a sa fanka da majigi da lasifika ba. Ƙaramin injin Tiger na masu cajin waya bai kai wat 1,000 ba. Soket ɗaya na bango kuma amfiya 13 ne iyakarsa, wato kamar wat 3,000, wayar jona ta kasuwa kuwa tun kafin nan ta fara ɗumi. Jona wannan a kan wancan har biyar, kamar yadda ake yi a gidan biki, neman gobara ne. A samo mai gyaran wuta na gaske ya raba layi, a kuma ware mutum guda a kowane zango wanda ba shi da aiki sai inji da mai.

Intanet kuma kada ku dogara da shi. Kowane mahalarci da waya da kwamfuta yake zuwa, ƙaramar MiFi kuwa da na'urori sun yi mata yawa sai ta shaƙe. Dabarar ita ce a kawo abin da za a yi wa kutsen cikin ɗakin. Akwai manhajoji irin su OWASP Juice Shop da DVWA da aka gina da ɓaraka da gangan domin koyo. A ɗora su a kwamfuta ɗaya, a haɗa kowa da ita ta layin cikin gida, sai a yi ta farmaki har magariba. Ba a ƙona data ba, ba a taɓa kayan kowa ba, doka ba ta da abin cewa. Wanda ya koma gida yana son ci gaba, akwai picoCTF na Jami'ar Carnegie Mellon, kyauta ne.

Ku kuma je ku gaida dagaci da shugaban makaranta da babban jami'in 'yan sanda na yankin, ku yi musu bayani da Hausa, ku riƙe izini a rubuce. In kun bari labari ya riga ku isa cewa "masu kutse sun taru a makaranta", gyaransa sai Allah. Haka ma a takardar gayyata, ku rubuta masu aikin sa-kai ko 'yan agajin taro, domin 'yan sa-kai a yau wata ma'ana gare ta daban. Ku kauce wa damina da lokacin girbin shinkafa da masara, in ba haka ba rabin mutanenku na gona. Lokutan salla su shiga jadawali tun farko, a kuma san wa zai tsaya wa kwamfutoci in an fita.

Zangon da ya fi wuyar cikewa a kowane taro shi ne na bayan an tashi: naɗe wayoyi, mayar da kujeru, shara, ƙirga abin da aka aro. A Jamus wannan aikin kan ci kwanaki bayan 30 ga Disamba, kuma tun kafin taro ake roƙon mutane su tsaya. A naku taron, ku cike sunayen wannan zango kafin na kowane, ku kuma ajiye musu abinci da kuɗin motar komawa gida, domin lokacin da za su gama, motocin Doguwa sun daɗe da tashi.