Dalma a Bindiga, Dalma a Tukunya

Yau idan aka ce bindiga a Batsari ko Safana, ba farauta ce ke fara faɗo wa mutum a rai ba. Dajin Rugu, wanda ya ratsa waɗannan ƙananan hukumomi har ya taɓo Jibiya da Ɗanmusa, ya daɗe sunansa na fita tare da na ɓarayin daji, har gwamnatin Katsina ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a watan Oktoban 2023. Amma tun kafin ɓarayi akwai maharba a wannan yanki, da Sarkin Bakansu, da karnukansu, da dokokinsu na dawa. Ba banza ba ake yi wa Ɗanwaire, jarumin Ruma, kirari da gwanki. Waɗanda suka zaɓar masa wannan kirari sun san gwanki ido da ido, sun san sau nawa ake harbinsa ya tafi da harbin.

Me ya sa nama ke tafiya da harbi? Sau da yawa laifin ba na saiti ba ne, na abin da aka ɗura ne. Maharbinmu mai bindigar toka shi ke haɗa ɗurinsa da hannunsa, ta baki yake zuba albarushi, ya bi da abin da zai fita ya sami nama. Wani ya sa dalma. Wani kuma duk abin da hannunsa ya kai: guntayen ƙusa, ƙwallayen keke, ɓaraguzan ƙarfen da ya tsinto a bakin maƙera. A Amurka da Turai ma akwai mafarautan da ba sa sayen harsashi haɗaɗɗe, sai su sayi kwanso daban, kan harsashi daban, su haɗa a gida bisa ma'aunin da kamfanoni suka gwada suka wallafa. Bindigarsu ba irin tamu ba ce, amma tambayar ɗaya ce. Harsashin babban nama aiki biyu ake so ya yi a lokaci guda, kuma ayyukan ba sa ga maciji da juna. Ana so ya buɗe ya yi faɗi don ya zubar da jini da sauri, ana kuma so ya riƙe jikinsa ya keta fata da tsoka da ƙashi har ya kai ga huhu da zuciya. Wanda ya yi laushi da yawa zai tarwatse a kafaɗa. Wanda ya yi tauri da yawa zai huda ya wuce, ya bar 'yar ƙofa, dabba ta kwana tana gudu.

A 1946 wani Ba'amurke mai suna John Nosler ya harbi wani ƙaton naman daji da ake kira mus a yammacin Kanada. Dabbar ta yi birgima cikin taɓo ya bushe a jikinta, harsashin ya tarwatse bai shiga ba. Da ya koma gida sai ya ƙera harsashi mai ɗaki biyu da katanga a tsakani, na gaba ya buɗe, na baya ya ci gaba da turawa. A 1948 ya fara sayar da shi, kuma har yau ana yin sa. Wani abin da ke ba mutum mamaki shi ne, harsashi mai buɗewa da mafarauta ke nema don sauƙaƙa wa dabba, shi ne yarjejeniyar Hague ta 1899 ta haramta amfani da shi a kan mutane a fagen yaƙi, saboda munin raunin da yake yi.

Malamanmu ba su bar wannan magana ba. A hadisin Adiyyu ɗan Hatimi, an bambanta makamin da ya huda nama da wanda ya buge shi da faɗinsa ya kashe. Na farko ana ci idan an yi bisimilla, na biyu mushe ne. Da bindiga ta bayyana, malaman Malikiyya na baya suka duba suka ce harsashin dalma yana hudawa yana zubar da jini, don haka abin da ya kashe ya halatta, saɓanin dunƙulen laka na danƙo. Ga kuma umarnin a kyautata kisa, kada a wahalar da abin yanka. To wanda ya cusa ƙusoshi a bindiga ya saki, da wane ido zai dubi wannan umarni? Ƙusa ba ta tafiya a miƙe. Ɗaya ta sami ciki, ɗaya ta sami cinya, sauran su bi iska, barewa ta shige duhuwa da hanji a huje ta mutu bayan kwana biyu, ba mai ci sai kura. Maharbin ma bai tsira ba. Bututun da maƙeri ya liƙa ba wanda ya gwada ƙarfinsa a masana'anta, idan ƙarfe mai tauri ya cije a ciki sai ya fashe, yatsu da ido su biya.

Sai a ce, to ai dalma ce mafita. Ta fuskar harbi, haka ne: tana da nauyi, tana da laushi, ba ta cin bututu. Ta fuskar tukunya fa?

Mu a wannan yanki ba ma bukatar a yi mana dogon bayani kan gubar dalma. A 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara, a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, yara aƙalla 400 suka rasu saboda ƙurar dutsen zinariya mai dalma da ake daka a cikin gida. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun yi shekaru suna wanke jinin waɗanda suka rayu. Wannan babbar guba ce da ta shiga lokaci guda, kuma ba wanda zai ce naman farauta na kisa haka. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka sani ba ya cutarwa. Ƙanƙanuwarta ba ta kayar da yaro, ƙwaƙwalwarsa take ci a hankali, ya taso karatu na yi masa wuya, ba wanda zai danganta abin da farfesun da ya sha yana ɗan shekara uku. Mai ciki kuma tana miƙa wa abin da ke cikinta.

A 2008, a jihar Dakota ta Arewa a Amurka, wani likita wanda shi ma mafarauci ne ya ɗauki hoton ƙullin niƙaƙƙen naman barewa da mafarauta ke bayarwa sadaka, irin hoton da ake yi wa ƙashi a asibiti. Fiye da rabin ƙullin da ya duba akwai ɓurɓushin ƙarfe a ciki. Binciken da jihar Minnesota ta yi a shekarar ya nuna ɓurɓushin na iya yin nisan fiye da ƙafa guda daga inda harsashi ya shiga, kuma mafi yawansa ido ba ya gani, haƙori ba ya ji. Gaskiya ne bindigar toka ba ta da gudun da zai niƙe dalma kamar ta Amurkawa. Tamu matsalar daban ce: ƙananan ƙwayoyi da ke maƙalewa a ƙirjin zabo da fakara da cinyar zomo, a jefa su tukunya tare da nama. Idan miyar ta ji tsamiya ko yakuwa ko tumatir, tsamin na narkar da wani abu daga jikin dalmar ya bi romo, ko da an tsince ƙwayar daga baya. Mafi muni shi ne mai narka dalmar tsohon batirin mota a tsakar gida, a murhun da ake dafa tuwo, yara na wasa a gefe.

Ƙasashe da dama sun ɗauki mataki. Amurka ta hana harbin agwagin ruwa da dalma tun 1991. Jihar Kalifoniya ta hana ta a kowace irin farauta daga Yulin 2019, bayan an tabbatar tana kashe wata ƙatuwar ungulu da ta kusa ƙarewa, wadda ke cin kayan cikin da mafarauta ke bari a daji. Kamfanin Barnes ya fito da harsashin jan ƙarfe zalla a 1989, wanda bakinsa ke buɗewa ba tare da ya zubar da jikinsa ba. Sai dai kada wani ya karanta wannan ya ce zai sauya da ƙarfe a bindigar maƙera. An ƙera wancan ne don bututun da aka gwada. A namu hatsari ne tsantsa.

Abin da ya fi kusa da mu yana wajen kakanni. Maharbin da ke shafa dafin kwankwani a kibiya bai taɓa kai nama gida da wurin harbin ba, tun a dawa yake yanke kewayen raunin ya jefar. Mai dalma ma haka ya kamata ya yi, ya yanke da faɗi, kada ya ji ƙyashin naman. Ya laluba ya cire ƙwayoyin kafin a ɗora tukunya, ya binne kayan ciki maimakon ya bar wa ungulu da karnuka, kuma kason yara ƙanana da masu ciki ya fito daga nesa da rauni.

Doka kuwa tana nan ko an manta da ita. Dokar makamai ta 1959 ta sa bindigar toka a rukunin da ke bukatar lasisin kwamishinan 'yan sanda, ta kuma hana ƙera bindiga ko harsashi ba tare da izini ba. Haɗa harsashin babbar bindiga a gida, wanda sha'awa ce ga Ba'amurke, a nan hanyar gidan yari ce, balle a Batsari da Safana inda kwanso ɗaya a aljihu ya isa ya jawo wa mutum tambayoyin da ba zai iya amsawa ba. Manyan namun da ake zaɓa wa harsashi ma sun yi ƙaranci a Rugu, noma da saran itace da kiwo da ƙarar bindiga sun kore su. Wanda ke son ganin giwa a Arewa yau, Yankari zai nufa a jihar Bauchi, inda harbin nama laifi ne.