Ruwan Nono Ba Goyo: Kada Ki Ajiye Maganinki

'Yan uwa mata, wata rana bayan mun tashi daga zaman adashi a Yakasai, wata baiwar Allah ta ja ni gefe. Shekara 4 ke nan da ta yaye autanta, ba ciki ba goyo, amma sai ta ga rigarta ta jiƙe da ruwan nono. Tana shan maganin ƙanjamau, kuma tsoro ya sa ta ajiye shi. To, ajiyewar nan ta fi ruwan haɗari.

Me ke kawo shi?

A ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar tsoka mai fitar da sinadarin furolaktin, shi ke sa nono ya kawo ruwa. In ya yi yawa, ruwa kan zo ko babu jariri. Likitoci sun ga haka jefi-jefi ga masu shan wasu magungunan ƙanjamau, musamman irin su ritonavir. Amma sau da yawa wani maganin ne daban, kamar metoclopramide na tsayar da amai, ko maganin taɓin hankali, ko wasu ƙwayoyin tazarar haihuwa. Ke nan wadda ba ta da cutar ma yana iya samunta. Ba sammu ba ne, ba aljanu ba.

Me za ki yi?

1. Ci gaba da shan maganinki kullum. In kin daina, ƙwayar cutar za ta ƙaru a jini, har ta daina jin maganin.
2. Koma inda kike karɓa, ko Asibitin Murtala ne, ko na Malam Aminu Kano, ko na kusa da ku. Tafi da duk abin da kike sha, har na gargajiya. Za a yi gwajin ciki da na jini. In canji ya kama, likita ne zai canja.
3. Daina matsawa don ki duba, matsawa na ƙara ruwan.
4. Kada ki ba jaririn wata, cutar na bin ruwan nono.

In kin ga jini, ko kin ji ƙullutu, ko gefe ɗaya ke zuba, ko ga ciwon kai da dishi-dishin gani, kada ki jira ranar da aka ba ki.

Mu kuma fa?

Asusun taimakon juna don irin wannan rana muka kafa shi. A ba ta kuɗin mota, ba sai ta faɗi ciwonta a gaban kowa ba. In bazawara ce ko budurwa, kada mu zarge ta da abin kunya. Wadda aka gaya wa kuwa ta riƙe amana.