Guga Ya Kai Ruwa Kuwa?

Injin yankan ƙarfe da kwamfuta ke sarrafawa, irin wanda ake sassaƙa sassan mota da na jirgin sama da shi, yana da wata damuwa da duk mai jan ruwa ya sani. Ka zura guga a rijiya mai zurfi, kana ƙirga igiyar da ke wuce hannunka: gaba goma, sha ɗaya, sha biyu. Lissafi ya ce guga ya kai ruwa. To amma fa igiya ka ƙirga, gugan kansa ba ka gan shi ba.

Haka injuna da yawa ke aiki. Akwai doguwar sandar ƙarfe mai murɗe irin na noti, injin lantarki yana juya ta, ita kuma tana tura teburin da aka ɗaure aiki a kai. Kwamfuta tana ƙirga juyin, sai ta ce tebur ya matsa kaza. Ita sandar nan kuwa halin igiya gare ta. In ta ci aiki ta yi zafi sai ta ƙara tsawo. Ƙarfe mai mita 1 da zafinsa ya hau da digiri 10 yana miƙewa fiye da kaurin gashin kai. A rijiya wannan ba komai ba ne, amma ga mai yanka fistin ɓarna ce. Ga kuma sako-sako. Mai jan ruwa ya san in zai fara jawowa, sai ya tattara igiyar da ta saki kafin guga ya motsa. Sandar da ta tsufa ma haka take: injin ya juya baya, kwamfuta ta rubuta an tafi, alhali tebur yana nan daram.

Maganin shi ne a daina tambayar igiya. A haska tocila cikin rijiya, a ƙirga zobban simintin da guga ya wuce. Wannan ne aikin rular gilashi. Ana ɗaure ta a jikin injin, an zana mata layuka sirara na kuromiyam, galibi 50 a kowace milimita, waɗanda ido ba ya iya rarrabewa. Kamfanin Heidenhain da ke Traunreut a Jamus ya yi suna a wannan sana'a, tun 1950 yake kwantar da irin wannan zane a kan gilashi. Wani ɗan kai mai fitila yana tafiya tare da tebur, haske yana ratsa tsakanin layukan, idanun lantarki suna ganin haske, duhu, haske, duhu, suna ƙirgawa. An jera idanun ta yadda ɗaya ke ɗan riga ɗaya gani, da haka ake gane gaba aka yi ko baya. Kwamfuta ma takan raba tsakanin layi da layi gida-gida, har ta san motsin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Me ya sa gilashi? Haske na ratsa shi, ba ya tsatsa, kuma zafi bai cika miƙar da shi kamar ƙarfe ba.

Sai dai a nan masu zumuɗi ke tuntuɓe. Mutum ya sayi rula mai tsada ya ɗaura wa injin da ya riga ya kwance, yana zaton ya gama. Ina! Mai tocila yana ta kira: "Ƙara kaɗan, Malam! A'a, ya wuce, jawo!" Igiya kuwa sako-sako ce, kowane ja sai ya zarce. Haka injin zai yi ta kai-komo yana karkarwa, ya bar zane-zane a fuskar aiki. Rula tana faɗin gaskiya ne kawai, ɗaure noti ba nata ba ne. Shi ya sa masu ƙera injuna kan bar ƙirga biyun duka: juyin injin lantarki ya kula da sauri, rula ta kula da inda tebur ya tsaya.

Tana kuma da tsantseni. Ɗigon mai ko ɓurɓushin ƙarfe ya faɗa kan gilashin, ƙirga ta ruɗe. Don haka ake sa ta cikin kwanson alminiyam mai leɓɓan roba, a kifa bakinsa ƙasa, wasu har su riƙa hura masa iska mai tsabta. In kuma tafiyar tebur ta wuce 'yan mitoci, gilashi ya yi tsawon da zai iya fashewa, sai a koma ga zanen da aka yi a kan siririn ƙarfe mai kama da tef.